AFRINIC Ta Cika Shekara 20: Yadda Afirka Ta Karɓi Ragamar Rabon Adireshinta

Ranar 8 ga Afrilu, 2005, a birnin Mar del Plata na ƙasar Ajantina, hukumar gudanarwar ICANN, ƙungiyar da ke kula da sunaye da lambobin intanet na duniya, ta amince da AFRINIC a matsayin cibiya ta biyar mai rabon adireshin intanet. Daga ranar ce jami'a ko banki ko kamfanin sadarwa na Afirka ya daina aika takardar roƙo zuwa wata nahiya kafin ya samu lambobin da zai hau intanet da su. A Afrilun 2025 cibiyar ta cika shekara 20. Ba a yi wani shagali ba, domin zagayowar ta riske ta tana tsakiyar shari'a, amma wannan bai isa ya sa a ƙi tunawa da mutanen da suka kafa ta da kuma irin aikin da suka yi ba.

Kowace na'ura da ke magana da wata a intanet sai da lamba, wadda ake kira adireshi. A tsohon tsari, wato IPv4, lambobin gaba ɗayansu kimanin biliyan 4.3 ne. A farkon zamani mutum ɗaya ne, Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ke riƙe da kundin rabonsu, kuma hannu a sake ake bayarwa, tunda babu wanda ya zaci za su ƙare. Ta haka jami'ar MIT da kamfanonin Ford da Apple kowannensu ya samu tafkeken kaso mai adireshi 16,777,216 shi kaɗai. Da intanet ta fara bunƙasa sai aka ga aikin ya fi ƙarfin ofishi ɗaya, aka raba shi shiyya-shiyya. RIPE NCC ta buɗe a Amstadam a 1992 domin Turai da kewaye, APNIC ta biyo baya a 1993 domin Asiya da yankin Fasifik, ARIN ta Arewacin Amurka a ƙarshen 1997, sai LACNIC ta Latin Amurka a 2002.

Afirka kuwa kasa ta aka yi gida uku. Ƙasashen da ke arewa da layin da ya raba duniya biyu, da suka haɗa da Nijeriya da Nijar da Gana da Chadi da Sudan, suna ƙarƙashin Amstadam. Na kudu suna ƙarƙashin ARIN, tsibiran tekun Indiya kuma suna hannun APNIC. Ba wai waɗannan cibiyoyi sun hana 'yan Afirka ba ne. Matsalar ita ce ƙa'idojinsu an ɗinka su ne daidai jikin manyan kamfanonin ƙasashensu: dole ka nuna kana da abokan ciniki masu yawa, ka biya da kuɗin waje, ka halarci taro a biranen da samun bizarsu kaɗai aiki ne. Don haka yawancin masu samar da intanet a ƙasashenmu suka gwammace su karɓi 'yan lambobi daga kamfanin tauraron ɗan Adam ɗin da ke sayar musu da layi. Wanda ya shiga shagon intanet a Kano ko Yamai a farkon shekarun 2000, sau da yawa duniya tana ganinsa ne tamkar yana zaune a Turai ko Amurka.

Maganar kafa cibiyar Afirka ta fara fitowa fili ne a 1997, a wani horon injiniyoyi da ƙungiyar Internet Society ta shirya a Kuala Lumpur ta Maleshiya. A Disambar 1998 aka hallara a Kwatano ta Jamhuriyar Benin, aka zauna kan yadda Afirka za ta tafiyar da al'amuran intanet ɗinta, kuma duk wanda ke ba da tarihin AFRINIC daga wannan zama yake ɗauko zaren. Pierre Dandjinou, ɗan Benin, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata taron ya yiwu. Amma dattijon tafiyar shi ne Dakta Nii Quaynor na Gana, wanda ya yi digirinsa na uku a fannin kwamfuta a Amurka a 1977, ya yi aiki a can shekara da shekaru, sannan ya tattaro ya dawo gida ya kafa ɗaya daga cikin kamfanonin intanet na farko a Afirka ta Yamma. Shi ya jagoranci hukumar farko ta AFRINIC, tun cibiyar ba ta da ofis ba ta da asusu. Shi ne kuma jigon AfNOG, dandalin injiniyoyin sadarwa na Afirka da ya fara zama a Cape Town a 2000, inda aka riƙa horar da matasan da daga baya suka riƙe aikin. Daga Masar akwai Tarek Kamel, wanda ya zama ministan sadarwa a 2004, ya kuma rasu a 2019. Daga Afirka ta Kudu akwai Alan Barrett, injiniyan da ya ga shigowar intanet ƙasarsa tun daga tushe.

Abin da ya fi cin lokaci ba fasaha ba ce, a ina za a ajiye ofishin ne. Masu Ingilishi da masu Faransanci da masu Larabci kowa na da hujjarsa, ƙasashe da dama suka miƙa buƙata. A ƙarshe aka yi rabon da ya bar kowa da abin riƙewa: rajista da hedikwata a tsibirin Morishas, na'urori a Afirka ta Kudu, ma'ajiyar ko-ta-kwana a Masar, horarwa a Gana. Kujerun hukumar gudanarwa ma aka raba su ga shiyyoyi shida, Arewa da Yamma da Tsakiya da Gabas da Kudu da tekun Indiya. Akwai waɗanda suka ce wannan siyasa ce ba injiniyanci ba. Gaskiyarsu ne, amma in ban da wannan siyasar da har yau ana can ana jayayya.

Wanda ya ɗauki nauyin mayar da takarda ta zama aiki shi ne Adiel Akplogan, matashin injiniya daga Togo da ya yi aiki a kamfanin da ya fara kai intanet Lome. Ya je Amstadam ya zauna da ma'aikatan RIPE NCC ya koyi aikin rajista daga ciki, ya dawo ya zama shugaban gudanarwa na farko. A 2004 aka yi wa cibiyar rajista a Morishas, aka yi babban taronta na farko a Dakar cikin watan Mayu, a Oktoba ICANN ta ba ta amincewar wucin gadi. Sauran cibiyoyin uku suka miƙa mata bayanan mambobinsu na Afirka ba tare da ja-in-ja ba, abin da ya kamata a yaba musu. A watan da ta samu cikakkiyar amincewa aka ba ta kasonta na farko, lambobin da ke farawa da 41. Har gobe, idan ka duba adireshin da wayarka ta hau da shi a Kano ko Kumasi, sau da yawa za ka ga ya fara da 41 ko 102 ko 105 ko 197, waɗanda su ne manyan kaso huɗu da aka danƙa wa AFRINIC kai tsaye.

Sai dai samun cibiya daban, samun ƙa'idar da ta dace da kai daban. A nan ne maganar adireshi mai cin gashin kansa ta shigo, kuma a ganina a kanta ne AFRINIC ta fi nuna amfaninta.

Adireshi iri biyu ne. Akwai wanda cibiya ke bai wa kamfanin samar da intanet a dunƙule, shi kuma ya gutsura wa abokan cinikinsa. Wannan aro ne: ranar da ka bar kamfanin, ka bar masa lambobinsa. Akwai kuma wanda cibiya ke bai wa ma'aikata kai tsaye, jami'a ce ko banki ko asibiti ko hukumar gwamnati, wanda ba ya rataye a wuyan kowane kamfani. 'Yan Nijeriya sun san bambancin a jikinsu ta wata fuska: kafin Afrilun 2013, duk wanda ya sauya layin waya sai ya rasa lambarsa ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba su sabuwa, daga baya aka ba shi damar ƙaura da ita. Ga ma'aikata mai na'urori ɗaruruwa, sauya lambobi aikin makonni ne, da asarar kuɗi da katsewar hulɗa. Abin da ya fi wannan muhimmanci, mai adireshin kansa yana iya jona layi da kamfani biyu ko uku a lokaci guda, in wannan ya yanke saƙonni su bi ta wancan, abokan hulɗarsa ba su ma san an yi ba.

To me ya hana a bai wa kowa? Kowane kaso mai cin gashin kansa sai an shelanta shi daban a faɗin intanet, ya samu gurbinsa a kundin hanyoyi da manyan na'urorin duniya ke riƙe da shi. Kamfani ɗaya zai iya rufe abokan ciniki dubu da shela guda, amma ma'aikatu dubu masu cin gashin kansu shela dubu ne. Wanda ya ci moriyar yana Zariya, wanda zai sayi sabuwar na'ura mai faɗin ƙwaƙwalwa don ɗaukar nauyin yana Tokiyo ko Landan. Tsoron ba na banza ba ne: a Agustan 2014, da kundin ya haura hanyoyi 512,000, tsofaffin na'urori da dama sun ƙwame, sassan intanet suka yi ta tangal-tangal. Shi ya sa wata shiyya ba za ta yi gaban kanta a wannan batu ba. In ta yi rabon ganin dama, masu layuka a sauran duniya za su tace lambobinta su ƙi karɓa, ta tashi da adireshin da ba ya kai saƙo ko'ina.

Da aka zo sabon tsari, IPv6, mai lambobin da ba su ƙirguwa, masu tsara shi suka yi niyyar toshe wannan ƙofa tun daga farko. A 2002 cibiyoyi uku na lokacin suka rubuta ƙa'ida guda tare, wadda ta ce kamfanonin samar da intanet kaɗai za a bai wa, su ma sai wanda ya nuna zai raba wa abokan ciniki 200 cikin shekara biyu. Ma'aikatu kuwa aka ce su jira wata dabara da injiniyoyi ke ƙerawa, mai suna shim6, wadda za ta ba su damar jona layi biyu da lambobin aro. Dabarar ba ta karɓu ba wurin masu gudanar da layuka. Manyan ma'aikatu suka ce in dai haka ne ba za su taɓa sabon tsarin ba, ARIN ta sassauta a 2006, APNIC ma ta buɗe ƙofa ga masu layi fiye da ɗaya. A Turai wani injiniya ɗan Sifaniya, Jordi Palet Martínez, ya gabatar da irin wannan ƙuduri a 2006, aka shiga muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Ga Afirka wannan ba gardamar masana ba ce. A lokacin wayar ƙarƙashin teku ɗaya tak, SAT-3, ke haɗa Nijeriya da duniya, sai a 2010 MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas. Kamfanonin intanet suna buɗewa suna rufewa, layi yana yankewa ba sallama. A irin wannan yanayi, a ce wa jami'a ta ɗaure duk harkarta a lambobin kamfani ɗaya zalunci ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Mutum biyu suka rubuta ƙudurin Afirka, Vincent Ngundi na Kenya da Alain Aina na Togo. Abin da suka nema bai da sarƙaƙiya: ma'aikatar da ba sayar da intanet take ba, wadda ta cancanci adireshin kanta a tsohon tsari, ta zama mamba, ta nuna shirin fara amfani da lambobin cikin wata 12, a ba ta kason da injiniyoyi ke kira /48, wanda ya ishe ta tsara ƙananan hanyoyi 65,536 a cikin gidanta. Za a kuma riƙa yanko irin waɗannan kaso daga wani yanki da aka keɓe aka sanar wa duniya, domin masu tacewa su san da zamansa.

A Abuja aka yanke maganar, a taron AFRINIC na shida, farkon watan Mayun 2007. Yadda ake yanke hukunci a waɗannan tarurruka abin lura ne. Ba gwamnati ke yanka ba, ba ma'aikatan cibiya ba, ba ma sai mamba ba. Kowa na iya kawo ƙuduri, a yi makonni ana muhawara a rubuce, sannan a haɗu ido da ido, ɗalibi da shugaban kamfani su bi layi ɗaya su jira abin magana. Ba rinjayen ƙuri'a ake nema ba, ijma'i ake nema, wato a ga babu wata ƙwaƙƙwarar hujjar adawa da ta rage ba a amsa ta ba. Bayan nan a ba da wa'adin ƙarshe ga mai ƙorafi, hukumar gudanarwa ta duba an bi ƙa'ida, ta sa hannu. Ƙudurin Ngundi da Aina ya ƙetare waɗannan matakai cikin 'yan makonni bayan Abuja. LACNIC ta biyo baya, RIPE NCC kuwa, wadda ita ta koya wa AFRINIC aiki, ba ta kammala nata ba sai 2009, sharaɗin layi biyu da ta gindaya ma sai a 2012 ta cire shi. Cibiyar da ba ta wuce shekara biyu da haihuwa ba ta riga malamarta da shekara biyu.

Babu wanda ya umarci shiyyoyin nan biyar su daidaita. Abin da ake kira ƙa'idar duniya, wadda dole sai duka biyar sun amince da nassi ɗaya kafin ICANN ta tabbatar, ta shafi yadda ake bai wa cibiyoyin kansu ne daga rumbun tsakiya, ba yadda suke bai wa ma'aikatu ba. Duk da haka suka tsaya a kan ma'auni kusan ɗaya: /48 a sabon tsari, adireshi 256 a matsayin mafi ƙanƙantar kason da duniya ke karɓa a tsohon. An kai ga haka ne ta hanyar zirga-zirga. Ma'aikatan kowace cibiya suna halartar taron 'yan uwansu suna ba da rahoton abin da ake tattaunawa a gida, mai ƙuduri ya ɗauki takardarsa ya zagaya da ita shiyya-shiyya, ƙungiyar haɗin gwiwarsu, NRO, wadda aka kafa a Oktoban 2003 AFRINIC kuma ta shiga a 2005, tana fitar da jadawalin da ke jera ƙa'idojin kowa gefe da gefe. Bambancin da ya rage na tsarin gida ne. A Turai, misali, mai adireshin kansa yakan bi ta hannun wani mamba da zai tsaya masa, a Afirka kuwa ma'aikatar ce da kanta ke zama mamba.

Wannan zama a teburi ɗaya ya yi rana a 2011. Da aka ga rumbun tsakiya na tsohon tsari ya kusa ƙarewa, wasu daga Latin Amurka da Afirka da Japan suka haɗa ƙudurin cewa manyan kaso biyar na ƙarshe a raba su ɗaya-ɗaya, ba tare da duba wa ya fi saurin cinyewa ba. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, a Miami, Akplogan ya karɓi kason Afirka mai farawa da 102. Da babu AFRINIC, da Asiya da Turai sun lashe shi cikin watanni. APNIC ta kai ƙarshen nata a Afrilun shekarar, RIPE NCC a 2012, LACNIC a 2014, ARIN a 2015. Afirka ce ta rage da saura, ta kuma tsara yadda za a riƙa tsakura: mataki na farko a 2017, na biyu a Janairun 2020, inda mai nema ba ya samun fiye da adireshi 1,024 a karo guda. A tsakanin nan taron AFRINIC ya zagaya Yawunde a 2011, Hartum a 2012, Legas a 2017, aka horar da injiniyoyi masu ɗimbin yawa kan IPv6 da Ingilishi da Faransanci. Akplogan ya sauka a 2015, Barrett ya gaje shi, sai Eddy Kayihura na Ruwanda a 2019.

Shekarun baya-bayan nan ba su yi daɗi ba, kuma tushen abin a fili yake: lambobin da a da ake bayarwa don amfani sun zama haja mai tsada a kasuwar duniya, cibiyar da ta fi kowa ƙarancin kuɗi kuma ita ce ta rage da su. A 2019 aka gano an karkatar da adireshi sama da miliyan huɗu ta hanyar sauya bayanan rajista. Cibiyar ta kori jami'in da abin ya shafa, ta binciki kundinta, ta ƙwato wani ɓangare. Sai kuma taƙaddama da kamfanin Cloud Innovation mai rajista a Seshel kan yadda ake amfani da adireshi kimanin miliyan shida da aka ba shi, wadda ta kai kotunan Morishas, ta jawo rufe asusun cibiyar na 'yan watanni a 2021, daga baya ta bar ta babu cikakkiyar hukuma, har kotu ta naɗa mai riƙo a Satumbar 2023. Rabon sababbin lambobi ya yi tafiyar hawainiya. Amma kundin rajista bai rufe ba, ma'aikata ba su watse ba, sauran cibiyoyi huɗu suka tsaya a bayanta. An soke zaɓen Yunin 2025, aka sake a Satumba, aka samu sabuwar hukuma, cikinta har da Farfesa Adewale Adedokun na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a kujerar Afirka ta Yamma.

Masu cewa a rushe ta, ko a mayar da aikin hannun gwamnatoci, ko a bar kasuwa ta yi halinta, ya kamata su tuna da ranar 14 ga Maris, 2024. A ranar wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Kodebuwa, harkar bankuna da sadarwa ta rikice daga Abijan zuwa Legas. A irin wannan rana, ma'aikatar da ke da lambobinta da layi na biyu a kan wata wayar daban tana da inda za ta karkata, mai lambobin aro kuwa sai jiran ranar gyara. Haka nan mahaɗar intanet ta Nijeriya, IXPN, mai reshe a Kano, wadda ke sa saƙon gida ya tsaya a gida maimakon ya je Turai ya dawo, wanda ke da adireshin kansa ne ke shiga cikinta da ƙafarsa. Duk waɗannan a kan ƙa'idar da aka yanke a Abuja da 'yan uwanta suke tsaye, kuma kasuwa ba za ta taɓa rubuta ƙa'idar da ke tanadar wa ƙaramar jami'a kasonta ba.

Saboda haka kira ga shugabannin jami'o'i da kwalejoji da asibitocin koyarwa da gwamnatocin jihohi, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram: ku tambayi masu kula da na'urorinku, lambobin da kuke aiki da su na wane ne. In na aro ne, ku nemi zama mambobin AFRINIC, ku karɓi kasonku na IPv6, ku kuma tura matasan injiniyoyinku taron tsara ƙa'idoji, domin ƙofarsa a buɗe take ga kowa kuma wanda ya halarta ne ake yanke hukunci da shi.